Kwali Huɗu a Titin Beirut

Kwali huɗu na sauke ran Talata,
daga Caina, ta Legas, har bakin shagona.
Akwati ɗari cif, baƙaƙe, ƙanana,
kowanne bai fi tafin hannu ba.
Filina na Rijiyar Zaki na sayar na zuba,
shi ya sa in na dube su
ba roba nake gani ba, fegi nake gani da rijiya.

Shekara sha tara ina hawa rufin mutane,
ina juya farantin satalayit a rana.
In yi ihu, "Ta kawo?"
a ce daga ƙasa, "Ƙara hagu kaɗan!"
Yau ga abin da ba ya son tsani,
ba ya son ƙusa, ba ya tsoron hadari,
data kawai yake ci, kamar akuya da dusa.

Mu'azzam, yaron shagona, shi ya zuga ni:
"Baba, fim da rana, ƙwallo da dare,
in ido ya gaji, a ɗau madanni a buga gem.
Kuɗi ɗaya, aiki biyu."
Ɗanliti maƙwabcina ya yi dariya har da tari:
"Wa zai bar waya a aljihu ya sayi akwati?
Wutar da ke zuwa kamar baƙon kunya?
Datar da ta fi tsire tsada?
Tasi'u, ka sayar da ƙasa ka sayi iska."

Na farko, Malam Nafi'u daga Gwammaja.
Ya tambayi labarai, ya tambayi tafsiri,
ɗansa na gefe bai ce uffan ba,
yatsunsa kawai ke motsi a kan wando.
Na ce talatin da takwas. Ya ce ashirin.
Na ce albarka. Suka tafi.
Bayan la'asar sai ga su,
uban na share gumi, yaron ne a gaba.

Sagir mai gidan gem na Kurna ya ɗau shida,
ya dawo da biyu:
wai ana tsakiyar bugun fanareti sai hoto ya sandare,
yara suka ce a ba su hamsin ɗinsu.
Na karɓa. Ciniki ba ya son rantsuwa.
Hajiya Turai mai ƙunshi ta ɗau ɗaya,
don 'ya'yan masu jira su daina ɓarar mata da lalle.

Wata biyu, saura sittin da tara.
Dala ta hau, ta ƙi saukowa.
Da dare ina lissafi a bayan rasit,
biro na yi min gardama.

Sai na kai ɗaya gida, in ga me na sayo.
Batirin sola na lumshe ido,
Zulaihat, 'yar shekara tara,
ta wuce ni a tseren mota sau biyar,
ni ina ta karo da bango.
Uwarta na tsaye, hannu a ƙugu,
fim ɗinta ya kai inda za a tona asiri.
Akwati mai aiki biyu, talabijin ɗaya!
Ƙaninta ya ja, ta ja,
madanni ya faɗi, ya tsage gida biyu.

Na tsaya ina kallon ɓarayin a kan tabarma.

Da safe Malam Nafi'u na jira a ƙofa,
leda a hannunsa, yana sunkuyar da kai:
"Kana da irin wannan shi kaɗai?"
Kafin azahar, mutum uku.
Sagir ya aiko a ba shi goma.

Ɗanliti, filin bai dawo ba tukuna,
ban ce maka na yi nasara ba.
Amma na buga waya Caina jiya:
kada a ƙaro uwa ko ɗaya,
a cika min kwali da 'ya'ya.