Lilo a Siton Auduga

Ni ke gadin tsohon siton auduga a Garwa,
shekara sha ɗaya, ni da jemagu da tocila.
Ran Laraba sai ga Malam Hamajoda
da ɗalibansa talatin da biyu,
da waya gaba bakwai,
da tukunyar ƙarfe da ya ɗura wa siminti,
ƙusa ɗaya na leƙe ta gindinta.

Isiyaka, siriri kamar zabori,
ya hau ya ɗaura wayar a ƙarfen rufi.
'Yan mata suka baza rairayin Binuwai a daɓe,
suka shafe shi sumul da katako.

Malam ya ja tukunyar gefe, ya ɗaure da zare.
Ya ce kada wanda ya yi tari.
Ya ƙyasta ashana.
Zare ya tsinke.

Ta tafi, ta dawo.
Ta tafi, ta dawo.
Ƙusa ta ja layi ɗaya tak, daga ƙofa zuwa taga.

Na ce a raina, yau ga ikon Allah,
babba da gemunsa yana wa tukunya lilo.

Na kulle, muka tafi azahar.
Da muka dawo, layi ya kauce yatsa biyu.
Na duba taga, ko auduga ba ta motsi.
Na laluba aljihu, ga mabuɗi.
Na fara rantsuwa tun ba a tuhume ni ba.

Malam ya ce, Baba Kawu, kwantar da hankalinka.
Tukunya ba ta sake hanya ba.
Daɓen ne ya juya,
da sito, da kai, da kujerarka,
da gada da masu wanki a ƙarƙashinta.

Dudu ta ɗaga hannu, alli a goshinta:
to yaushe layin zai kewayo?
Ya ce a nan kwana shida da 'yan kai,
muna kusa da ƙugun duniya,
namu juyin na mai haƙuri ne.

Sun watse kafin magariba.
Tukunya ta gaji, ta tsaya.
Ban share rairayin ba.

Shekara sha ɗaya ina wa uwargida ƙorafi
zaman wuri ɗaya ya cinye mini ƙafa.
Daren nan na haska tocila kan yatsa biyun,
na koma na zauna a hankali,
na riƙe hannun kujera.