Mai Jiran Haske

Evaristo Quilodrán bai iya gaisuwa ba.
In ka ce masa ina kwana, sai ya ɗaga kai
ya dubi samaniyar Valparaíso,
ya ce, "Saura minti tara rana ta haye tudun can."
Amsar ke nan.

Shekara goma sha tara ina riƙe masa igiyar awo,
daga bakin gilashin kyamara zuwa ƙwayar idon 'yar wasa.
Taku huɗu da rabi. In goga alli a ƙasa.
Shi kuwa yana gefe, ido ɗaya a runtse
kamar tela mai neman kafar allura.

Ubansa mai gyaran fitilun tashar jirgin ruwa ne.
A gindin tsaninsa ya girma, yana miƙa ƙwan lantarki,
a nan ya koyi abin da yake yawan nanata mana:
haske gishiri ne,
in hannu ya zarce, miya ta tashi daga aiki.

Fim ɗinsa na fari, a kasuwar kifi, da kyamarar aro.
Babu kuɗin fitila ko ɗaya.
Ya roƙi matan kasuwa farantansu na gwangwani,
ya jera su goma sha biyu suna kallon teku,
suka kwaso rana suka zuba a fuskar wata tsohuwa
har tamojinta suka gama magana
kafin ta buɗe baki.

Sai aiki ya ƙafe.
Muka hau mota zuwa Santiago, gidan talabijin,
wasan kwaikwayo kashi ɗari biyu a shekara,
darakta na ihu: "A haske ko'ina! Ban son duhu!"
Ya haske. Ciki ba ya jiran fasaha.
Amma a kowane kashi yakan saci inuwa guda
ya ajiye ta bayan ƙofa, ko ƙarƙashin haɓar mugu,
ya kashe mini ido.

Ranar da aka haifi Fresia
yana hamadar arewa, yana jiran girgije.
Kwana uku.
Girgijen ya zo.
Yarinyar ce ba ta jira ba,
kuma ta daɗe ba ta yafe ba.

Da yana ta fara rufe masa ido
bai faɗa wa kowa ba, ni na gane:
ya tambaye ni ko an kunna fitilar hagu,
alhali tana ƙona masa kunne.
Da yamma ya cire ma'aunin hasken daga wuyansa,
igiyar ta yi baƙi da gumin shekaru,
ya rataya mini, ya ce in sayi sabon batir.

Bara aka sake nuna fim ɗin kasuwar kifi
a tsohuwar silima ta bakin tasha.
Fresia ce ta riƙo hannunsa.
Bai ga komai ba. Ya dai miƙa fuska gaba
kamar mai jin ɗumi,
farar allo na wasa a kumatunsa.

Aka gama. Mutane suka miƙe suna laluben riguna.
Sunansa ya hau allo
lokacin da ba kowa sai mu uku da mai shara.

A bakin ƙofa ya ja hannun rigata.
"Wurin tsohuwar nan," in ji shi,
"da mun ƙara jiran minti ɗaya."