Nauyin Kwabo Ɗaya

Gidanmu a Porto ya karkata wajen kogi
kamar tsohon da ke kasa kunne.
In ka ajiye lemo a daɓe,
zai gangara da kansa ya iske ƙofa.
A nan mahaifina ya bar mini garmaho,
da faifai ɗari biyu da 'yan kai,
da kwabo ɗaya manne a saman allura
da ɗankon da tsufa ya mayar baƙi.

Shekara talatin kwabon yana nan.
Duk sa'ad da taragon lantarki ya bi ta ƙasan taga
allura takan yi tsalle,
shi ya sa ya ɗora mata kaya, ta natsu.

Amílcar ya zo ran Talata, ana yayyafi.
Mai gyaran agogo ne, hannunsa na rawa
sai fa in ya riƙe sukudireba.
Ni, sama-sama ya gaishe ni.
Injin ya tsaya ya gaisar.

Ya ɗora ma'aunin ruwa a kan faranti,
kumfar ta ruga gefe ta laɓe.
Ya ce, "Leocádia, duk tsawon nan
daɓenki kike saurare."
Ya ninke katin karta biyu, ya cusa ƙarƙashin ƙafa,
kumfar ta dawo tsakiya
kamar yaron da aka harara.

Ya yaye shimfiɗar roba,
ya sa ta ɓawon itacen da ake toshe kwalba da shi,
kaurinta bai fi na farce uku ba.
Ya laluba baya, ya sami wata siririyar waya
tana reto, ba ta riƙe da komai.
Ya ɗaure ta a ƙusarta, murɗa biyu,
sai wani gunji ya mutu a ɗakin,
gunjin da tun ina ƙarama
na ɗauka shi ne shiru.

Sannan ya kai wuƙa ga kwabon.
Na ce, "Bari."
Ya ce, "Duba sikeli."
Giram biyar.
"Biyu saura kaɗan take so.
Kin taɓa yin waƙa da tulu a ka?"

Ya ɓamɓare shi. Ya murɗa dunƙulen ƙarfen baya
a hankali, a hankali,
kamar mai juya jariri a barci,
har hannun injin ya tsaya a iska
bai hau ba, bai sauka ba.
Ya ƙara masa ɗan abin da ya ƙara.
Ya mayar da garmahon kan kantar bango,
inda girgizar titi ba ta kaiwa.

Muka sa faifan da Baba ke sawa ran Lahadi.

Ashe jita biyu ce, ba ɗaya ba.
Ashe matar takan ja numfashi kafin ta fara,
kuma can baya, a hagu,
kujerar wani tana ƙara.
Muryar ta zubar da shekaru ashirin,
ta fito wankakkiya,
ban gane ta ba.

Na zauna a kujerar Baba.
Wannan ba ita ce ta yi mini reno ba.
Tawa mai kauri ce, mai dusashe,
kamar ana rera ta a cikin bargo,
da ƙamshin gasasshen kifi daga kicin
da tarinsa a tsakanin baiti.

Na ce, "In na mayar da kwabon fa?"
Amílcar yana naɗe kayansa a ƙyalle.
Ya ce, "Mayar. Injinki ne.
Kunnen ne dai ba zai koma ba."

Bai karɓi kuɗi ba, kofi ya sha a tsaye.

Yanzu kwabon yana bakin taga.
In tarago ya wuce da dare,
allura na bin layinta, ko gezau,
matar na jan numfashinta,
shi kaɗai ke karkarwa a kan dutse,
yana neman abin da zai danne.