Kayen Bashi

Littattafai biyu gare ni a shagona na Tudun Jamus.
Ɗaya mai baƙin bango, gefensa ya naɗe don tsufa,
ɗayan kuwa kayen 'yan lakwal ne mai layi-layi
inda nake rubuta wanda ya ɗauki sukari bai biya ba.
Na biyun na fi haddacewa.
Ko daga barci ka tashe ni, sai in karanto maka:
dala tamanin wurin tsohuwa Gambo,
jikka biyu wurin Ma'azu mai gyaran kabu-kabu,
tun kafin ruwan fari ya sauka.

Ran Laraba, in maƙwabta sun idar da lisha,
mukan taru a tsakar gidan Baba Ishaya,
mu tara, wani lokaci mu biyar,
don in ruwan pampo ya zo a Damagaram
ba mai ce masa jira in kai aya.
Kuran ya ɗauke, Biriskila ta kunna fitilar salula,
Baba ya aza yatsa yana bin layi
kamar mai tsince tsakuwa cikin gero.

Muka iso inda aka ce kyauta ce, ba ladan aiki ba.
Na ce, Baba, ni ɗan kasuwa ne, kar a ruɗe ni.
Ko gyaran da nake ƙara wa mai sayen gishiri
na riga na cire shi cikin kuɗinsa.
Ya yi shiru, ya kore sauro daga kunnensa,
ya ce, Kefas, ran da aka zuba maka ruwa a ka
aka kira Suna a bisanka, nawa ka biya?
Na ce, ai jinjiri nake, kuka kawai na yi.
Ya ce, to.
Ya ci gaba da karatu.

Wannan "to" ɗin ya bi ni har gida.

Da na zaci girma cikin bangaskiya
kamar na dogon yaro ne a bakin titi,
kowa ya wuce ya ga inda ya kai bana.
Shekara goma sha biyu ina zuwa Laraba,
jiya-jiyan nan na danna babban yatsa cikin tiya,
na harari yaro don ya zo da tsohuwar takardar kuɗi.
Ni ne wanda aka wanke,
ni ne kuma mai dauɗar, riga ɗaya muke sawa.

Ƙarfe uku na dare pampo ya yi tari.
Na fito ba takalmi na tara jarka.
Ban haƙa rijiyar ba, ban ja tiyon ba,
ban san ta wace hanya ya ratso duwatsun nan ba.
Abin da na kawo duka
jarka ce wofi, da bakinta a buɗe.
Na tsaya ina jin ƙararta tana sauyawa
daga ƙwal-ƙwal zuwa shiru.

Da gari ya waye na buɗe kaye,
na ja layi a bisa sunan tsohuwa Gambo.
Ba don in sayi wani abu wurin Ubangiji ba,
shagonsa ba ya karɓar irin kuɗina.
Hannu ne dai ya tafi, kamar jarka in ta cika ta tumbatsa.
Kafin azahar har na ɗan yi nadama,
dala tamanin ba wasa ba ce.

Jikka biyun Ma'azu kuwa suna nan.
Ban kai can ba tukuna.
Na sa takardar kuran alama inda muka tsaya,
Laraba na tafe.