Gidan Maikaya

Tambayi kowa a Koƙi, ko yaro mai tallar rake,
zai nuna maka zauren da azararsa ta lanƙwashe,
ya ce nan ne gidan Maikaya.
Da sunan aka rubuta ni a elemantare,
da shi nake sa hannu ƙarshen wata,
ban taɓa tambaya ko wane kaya ba ne.

Gwaggo Tabawa ta ce goro ne.
Wai kakanmu Cindo ya taka Gwanja sau tara
da jakai arba'in,
biyu kura ta ci a bakin Kwara,
har sunayen jakan tana faɗi.
Baffa Na'iya ya tsartar da yawun taba:
rabu da ita, turkuɗi ne,
wanda Buzaye ke jira a Agadas kamar ruwan fari.
Shekara hamsin suna wannan gardama,
tuwo kuwa kwano ɗaya.

Sai damina ta ci katangar ɗakin tsohuwa.
Muna kwashe ƙasa, shebur ya daki adaka.
A ciki akwai carbi da ya tsinke,
dutsen awo mai tsatsa,
ƙyalle mai gidan dara, kore da shuɗi,
da takarda wadda gara ta ɗanɗana ta bari.

Ɗiyata Uwani ce ta karanta,
tana bi da yatsa kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa:
"Cindo ya yi mini awon fata da ƙirgi
shekara goma sha ɗaya a bayan tasha.
Bai taɓa danne sikeli ba,
ba don ni ba, ba don ɗan'uwansa ba."
A ƙasa, hannu mai karkarwa ya sa suna: Makai.

Ashe haka ne.
Yaron Makai, in ji majeman Ƙofar Wambai,
gobe Na-Makai, jibi Maikai.
Bakin Kano tauna suna yake kamar goro,
sai ya yi ja yake furzar da shi.

Daren nan Uwani ta hana kanta barci.
Da asuba ta ce: Baba, mutanen can ƙuryar Sikotlan ne,
inda ƙasa ta ƙare, teku ya fara,
duwatsu da sanyi, rana kamar an ba da aro.
Mak a bakinsu ɗa ne,
sauran kuma sunan kakansu, wai wuta.
Ɗan Wuta ke nan.
Ta ce masu ƙasa sun taɓa tashin danginsu
don tumaki su sami makiyaya,
aka cinna wa jinkayensu wuta, suka watsu uwa duniya.

Na daɗe ina juya dutsen awon a hannu.
Ɗan Wuta da wuta ta kora,
ko jikansa, ko tattaɓa-kunne,
ya zo nan yana sayen fatar tumaki,
ko ramuwa yake, oho.
Bai bar mana jini ba, bai bar gona ba,
sunan ma faɗuwa ya yi daga aljihunsa
muka tsinta, muka wanke, ya zauna mana daidai.

Na je na kwashe duka na faɗa wa Gwaggo,
tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.
Ta ce: To, fata ba kaya ba ce?
Wa ya ce maka kafin Baturen bai je Gwanja ba?
Ta miƙo hannu, ta karɓe ƙyallen,
ta shinshina, ta ja shi ta ji ƙwari,
ta rufe ƙwaryar kamu da shi.

Takardar tana wurina.
Jakan kuma har yau arba'in ne,
ban da biyun da kura ta ci.