Ƙidayar Tofazzal

A gidan babanmu, bakin kogin Jamuna,
mu huɗu ne maza, da matanmu, rufi guda,
tukunya guda, murhu guda. Mabuɗin rumbu kuwa
yana ƙulle a bakin zanen Inna Anowara,
shinkafa ba ta shiga ruwa sai ta yi aunawa.

A can in yaro ya yi kuka ba a tambayar na wane ne,
wanda ya ji shi ke ɗauka.
Ɗan yayana ya yi haƙori a kafaɗata,
ɗiyata ta fara tafiya riƙe da yatsan Mokbul.
Ban san kuɗin madara ba, ban san na sabulu ba,
na dai san in an zauna shawara a tsakar gida
mai 'ya'ya maza biyar shi ake saurarawa.

Sai na ce shida.
Na faɗa da ƙarfi ranar da muke jiƙa rama a kududdufi,
ruwa iya ƙirji, matsattsaku a ƙwauri,
na ce huɗu na gona, biyu na makaranta.
Yayyena suka yi dariya, Baba ya gyaɗa kai.
Shefali na bakin gaɓa tana saɓule zaren rama,
ba ta ɗago ba, na ɗauki shirunta amincewa.

Damina uku kogi yana cin gonarmu
gefe-gefe, kamar ɓera a buhu,
a ta huɗu ya haɗiye har da bishiyar mangwaro.
Baba bai ga kaka ba.
Bayan arba'in aka raba tukunyar gida huɗu,
Inna ta kwance mabuɗin, ta riƙe shi a tafi,
mabuɗi ba ƙofa, ba abin buɗewa.

Yanzu ɗaki ɗaya a Mirpur, bayan masana'antar ɗinki,
kwano a sama, taku bakwai a tsaye, biyar a kwance.
Ina taka riksho tun asuba,
Shefali na kan keken ɗinki har magariba,
Rumki da Shipon na hannun tsohuwar maƙwabciya
mai karɓar taka ɗari takwas duk wata,
a nan rarrashi ma da farashinsa.
Daren da zazzaɓi ya kama Shipon
na waiwaya in miƙa shi ga wani, sai bango.
Ni ne baffa, ni ne kaka, ni ne mai mabuɗi.
A daren shida ta narke a bakina
kamar gishiri a ruwa. Na ce biyu sun isa,
na faɗa da gadara, sai ka ce ni na fara ganowa.

Shefali ta ce, Tofazzal,
biyun nan na ƙirga su tun ranar rama.

Jiya Mokbul ya bugo waya.
Kogi ya yi amai, in ji shi, ya tofo tsibiri,
yashi da laka, wanda ya riga kafa bukka shi ke da shi.
Ku dawo mu haɗa murhu, ƙasa na son hannuwa,
mai yara biyu a tsibiri ai maraya ne.
Ina jinsa, sai tsohuwar ƙidaya
ta motsa a ƙirjina, uku, huɗu,
kamar kifin da ruwa ya dawo wa.

Wa ke yi mini lissafin nan?
Na ɗaga kai na dubi kwanon rufi,
na tuna da ciyawar wancan rufin.
Bakina ne ya faɗa sau biyu, na yarda,
amma kowane adadi a ƙarƙashin rufinsa ya tsiro.

Ruwa na dukan kwano.
Ta shigo da guntun zare a gashinta,
ta zauna bakin katifa tana cire takalmi.
Na zuba mata shayi, abin da ban saba ba,
na ce Shefali, in mun koma, ke nawa?
Ta daɗe tana hura kofin.
Ban katse ta ba, shekara tara na makara,
yau ni ne mai saurarawa.