Yatsa Ba Ya Mantuwa

Mudassir ya zo da zancen bayan la'asar,
'yan dakon riɗi na zaune a gaban murhuna.
Ya ce, Inna, kawo wayarki, ɗora babban yatsa nan,
ɗaga, mayar, ɗaga, mayar.
Daga yau ba sai kin riƙe lamba a ka ba.

Na ɗora, don kada in kunyata shi cikin mutane.
Wayar ta yi ɗan kakkarwa a tafinsa, ta ƙi.
Ya goge gilashin da gefen jallabiya.
Ta sake ƙi.
Ya juya hannuna yana dubawa
kamar likitan da aka kawo wa ciwon da bai karanta ba.

Me kake nema, ɗan ƙanwata?
Shekara ashirin da uku ina ɗaukar kofi da zafinsa,
ina gyara garwashi da hannu,
sabulu da safe, toka da dare.
Zanen da Allah ya yi mini
ya bi ruwan wanke-wanke tun muna Madani.

Ban ce masa na ji daɗi ba.
Ga mutane, ga citta na tafasa.

Hanyar Madani zuwa Gadarif, shinge na huɗu.
Aka sauke mu, rana a tsakar ka.
Ɗahiru na gabana da sabuwar wayarsa,
wadda yake taƙama ba ta san kowa ba sai shi.
Kuɗin gona duka na ciki,
da na allurar tsohuwarsa.
Ba su tambaye shi komai ba.
Wani yaro da ko gemu bai tsiro masa ba
ya kama hannunsa na dama, ya danna.
Ta buɗe.
Ko jinkirin da baƙo ke yi a bakin zaure ba ta yi ba.
Har yau in muna cin tuwo
nakan ga Ɗahiru ya tsaya yana kallon yatsan nan,
kallon maƙwabcin da ya ba da shaida a kanka.

Ni da suka zo kaina na ce na manta.
Ɗayan ya ce, ƙyale ta, tsohuwa ce.
Alhali lambar na kwance ƙarƙashin harshena:
ranar da na haifi Zulai
da ranar da muka kai ta.
Suka girgiza wayar, suka jefo mini ita cikin ƙasa.
Da abin da ke ciki na sayi murhun nan,
kujeru shida, ɗaya gurguwa,
da kwalaben kanumfari da na'ana'a.

Baki ya iya ƙarya in rai ya zo wuya.
Yatsa fa? Ko barci kake, ko suma,
duk wanda ya kama shi, ya gaishe shi.

Amma na san abin da yaron ke tsoro.
Jiya na zuba wa direban Kasala sukari sau biyu.
Shekaranjiya na kira Mudassir da sunan ubansa.
Akwai ranar da zan nemi lambar
in tarar ta sulale kamar allura cikin yashi,
kuma wannan karon ba ƙarya zan yi ba.

Ya ce, to fuskarki fa, Inna? Ita ma tana buɗewa.
Na ce, wacce daga ciki?
'Yan dako suka yi dariya, shi bai yi ba.

Da dare, bayan mun ɗaure kujeru,
na ja shi gefen tankin ruwa
na raɗa masa lambobin nan huɗu.
Na ce kada ka rubuta. Maimaita.
Ya maimaita sau uku.
Ya ce, yaya aka yi ba kya manta su?
Na ce, ɗauki buta, Mudassir,
gobe zan ba ka labarin yayarka.